Ni da Itatuwan Gida a Damagaram

Duk wanda ya zo wurina yana son a shimfiɗa masa ciyawa kore shar irin ta filin ƙwallo, sai na fara tambayarsa: "Alhaji, jarka nawa kake saya wurin mai garuwa in bazara ta kama?" Yawanci sai ya yi shiru. Ruwan da muke sha a Zinder daga nesa ake janyo shi, daga su Gogo-Machaya da Arunguza, kuma kowa ya san yadda famfo ke bushewa a watan Afrilu. Ni ba na iya zuba wa ciyawar ado ruwan da maƙwabci ke bin layi dominsa.

Ɗan gandun renon itace gare ni a bakin gari, ni da ƙanena da yara biyu. Muna renon gawo, aduwa, kurna, magarya, kuka, tsamiya da danya, muna kuma tsara wa mutane filin gida, makaranta ko gona. Dogon yaro ma akwai, don ana tambaya, amma shi baƙo ne daga Indiya, ba shi nake turawa gaba ba.

Gawo ya fi kowa wahalar da ni, kuma shi na fi ƙauna. Ƙwayarsa tauri gare ta. Sai mun jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, ko mu ɗan kankare bayanta da wuƙa, ko kuma mu tsinto wadda ta riga ta bi ta cikin akuya. Da ta tsira, sai saiwar ta nufi ƙasa kai tsaye. A shekarata ta farko na bar su suka daɗe a leda don su yi tsawo su burge mai saye. Da na yaga leda ɗaya, na ga saiwar ta nannaɗe kamar gammo. Na dasa su haka nan, rani bai ƙare ba galibinsu suka bushe. Yanzu wata uku zuwa huɗu ne, ko da tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba, in ƙasa ta sha ruwa sai dashe.

Ga shi itace mai halin kansa: da damina yake zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su samu inuwa da 'ya'ya. Ka bi hanyar Matameye ko Magaria ka gani da idonka. Ba banza ba dattawa ke ba da labarin yadda sarakunan Damagaram suka tsananta hukunci kan mai sare shi.

Wani aikin ma ba na dasa komai. Bara wani dattijo ya kira ni gonarsa wajen Mirriya, yana so a kawo masa dashe. Muka zaga, na ga kututturen sabara da kalgo ko'ina suna tofo. Na ce, "Baba, ai itatuwanka na nan, sassabe ne ke cin su duk shekara." Muka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane gindi, muka datse sauran. Wannan shi ne sassabin zamani, da ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980. Inda ƙasa ta yi faƙo muka haƙa rami mai siffar rabin wata don ya tare ruwa, muka zuba taki, muka watsa irin gamba a bakin kunyar. Kuɗina sun ragu a wannan aiki, amma raina ya kwanta.

Abin da ke damuna shi ne 3 ga Agusta. Ranar bikin dashen itace gandunmu yakan cika da masu saye, a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Zuwa kaka, da an saki dabbobi, akuya ta gama da su. Shi ya sa ba na sallamar dashe sai mun yi maganar shinge, ko na ƙaya ne ko na tubali, da sunan wanda zai riƙa ba shi ruwa har rani biyu. In babu, nakan ce a bar mini shi a gandu sai an shirya.