Kututturan da muke cinna wa wuta

Sassabe iri ɗaya na tashi na sani. In rani ya yi nisa sai mu shiga gona da gatari, mu sare duk abin da ya tsiro, mu tara mu cinna wuta. Baba yakan ce gonar manomin kirki fes take. Gonarmu tana arewa da Maradi, kan hanyar Dakoro, kuma na sha ganin iskar farkon damana ta binne mana shuka da rairayi har sai mun sake zuba iri.

Da gonar ta dawo hannuna na ce zan gwada sassaben zamani, wato barin kututturan gona su sake tsirowa su zama itatuwa. Wani malamin gona ne ya durƙusa gaban wani kututturen kalgo ya nuna mini: saiwarsa tana raye a ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake, abin da dashe zai ɗauki shekaru bai kai ba. Ya ce ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. A nan jiharmu Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya lura kututturan suna raye a 1983, bayan dashen itatuwan da yake yi ya yi ta mutuwa. Yunwar 1984 ce ta sa mutane da yawa suka saurare shi.

Shekarar farko na yi garaje. Na aske rassan har kusa da kai, iska da awaki suka karya rabinsu. Wasu kuma masu neman itace suka sare da dare. Kawu ya tsaya a bakin gona ya ce, "Ɗana, tsuntsaye kake tara wa hatsinka." Na ce, "Kawu, ku ba ni damana uku."

Gawo ne ya fi ba ni mamaki. Yana zubar da ganye da damana, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi kore da rani. Kakanninmu sun san zangarniyar gindin gawo ta fi kauri. Masu bincike suka gano dalili: a saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, ga ganyen da ke ruɓewa, ga kashin dabbobin da ke kwana a inuwarsa suna cin ƴaƴansa. Hotunan tauraron ɗan Adam kuwa sun nuna kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, galibi a Maradi da Damagaram, ba tare da dashe ba.

Bana sau ɗaya na yi shuka. Maiɗakina tana samun itacen girki daga rassan da nake datsewa. Ranar da muke ɗaure damma, Kawu ya zo ya daɗe yana duban gawon tsakiyar gona, sannan ya ce in biyo ta gonarsa da wuƙata kafin yara su sa wuta.