Sikeli, ludayi da lambar da nake rubutawa a murfin roba

Kusan kowace sabuwar kwastoma da tambaya ɗaya take fara min magana: "Hajiya, kalori nawa ne a ciki?" Sai in karanta mata abin da ke manne a murfin robar abincin, kimanin 450 ko kimanin 550. Wasu kalmar "kimanin" ɗin ce take tsaya musu a rai. Wata ma'aikaciyar banki ta taɓa ce min ita inda take saye a da 487 ake rubuta mata cif-cif, don me ni ba zan yi haka ba? Na ce mata ba ni da na'urar da za ta ba ni wannan bakwai ɗin na ƙarshe, kuma ban yarda akwai mai girkin da ke da ita ba. Ba ta ji daɗin amsar ba a ranar, amma har yau tana cikin masu cin abincinmu.

Shekara shida ke nan ina wannan sana'a a Kano. Muna girka abinci a aune ga masu son rage ƙiba, da masu ciwon suga ko hawan jini waɗanda likita ya ce su kula da abin da ke shiga cikinsu. Mu biyar ne: ni, mata uku a madafi, da yaro mai kai saƙo a babur. Abincin gida muke yi, tuwon dawa da miyar kuka, wake da shinkafa, dambun zogale, faten wake, alale, ɗanwake, gasasshen kifi. Hatsi daga Dawanau nake sarowa buhu-buhu, kayan miya kuma daga Yankaba sau biyu a mako. Ana idar da sallar asuba muke hura wuta, kafin azahar robobi sun isa ofisoshi da gidaje.

Da na fara, na ɗauka lissafin kalori kamar lissafin kuɗi ne, ka tara ka ɗebe ka samu amsa ɗaya. Sai da na zauna na karanta asalin lambobin sannan jikina ya yi sanyi. Kalorin da muke faɗa awon zafi ne, zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa lita ɗaya da digiri ɗaya. Ana ƙona abinci ƙurmus a cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ke nutse a ruwa, a auna yadda ruwan ya ɗumama. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Wilbur Atwater, shi ne a ƙarshen shekarun 1800 ya yi irin wannan awo, ya cire abin da jiki ke fitarwa bai amfana da shi ba, ya bar mana ƙa'idar da ake bi har gobe: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, giram ɗaya na furotin 4, giram ɗaya na mai 9. Yawancin lambobin da ke bayan kwalin biskit da gwangwanin madara daga wannan 4, 4, 9 ɗin aka ciro su. Matsakaici ne aka ɗauka, kuma an yi shi fiye da shekara ɗari da ta wuce.

Cikin mutum kuwa ba tukunyar ƙarfe ba ne. A 2012 masu bincike na ma'aikatar aikin gona ta Amurka sun gwada almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, suka ga giram 28 ɗinsa jiki kalori 129 yake samu, alhali lissafin takarda kusan 170 yake bayarwa. Dalili shi ne wani kaso na man yana kulle a cikin ƙwayar, haƙori bai fasa shi ba, haka yake wucewa. Wannan ya sa na daina yi wa soyayyar gyaɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗa kallon abu ɗaya, domin abin da injin markaɗe ya riga ya fasa, hanji ba ya shan wahalar tsotse shi. Hatta a Amurka, inda ake tsananta dokar rubutun kwali, hukumar abinci da magunguna ta yarda kalorin da ke cikin abu ya zarce wanda aka rubuta da kashi 20 cikin ɗari. To idan kamfani mai ɗakin gwaji an ba shi wannan rangwamen, ina ga ni mai tukunya da muciya?

Kuma wannan duk ƙaramin kuskure ne idan aka kwatanta da wanda ake yi a madafi.

Ranar da na sayo sikelin kicin, na ce kowace daga cikin matan nan uku ta kwashe min malmala ɗaya ta tuwon shinkafa yadda ta saba a gidanta. Ta farko giram 230, ta biyu ta haura 300, ta uku, wadda ta taso a gidan yawa, tata ta kusa 400. Dukkansu "malmala ɗaya" sunansu. Duk wanda ya rubuta a manhajar waya cewa ya ci tuwo malmala ɗaya, wacce daga ciki yake nufi? Ga kuma ruwa: tuwo mai tauri da mai laushi nauyinsu na iya zuwa ɗaya, amma garin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Shi ya sa ba na auna dafaffen abu in tsaya a nan. Ɗanyen gari nake aunawa kafin a talga, in auna tuwon duka bayan an tuƙa, sannan in raba. Shinkafa ma haka. Ɗanyarta giram 100 kalori kusan 360 ne, dafaffiya kuwa kusan 130, saboda ruwan da ta sha. Na ga mata da yawa sun rikita waɗannan biyun a waya, wata ta tsorata ta daina cin shinkafa gaba ɗaya, wata kuma ta auna ɗanya ta rubuta lambar dafaffiya, tana mamakin yadda wata biyu ba ta ragu ba.

Lambobin da nake dogara da su daga jadawalin abincin Afirka ta Yamma nake ɗaukowa, wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2012 ta sabunta a 2019. A nan ake samun gero da dawa da acca da kuka da daddawa. Manhajojin waya yawanci abincin Turawa ne a ciki, abin da aka saka na gida kuma masu amfani da su ne suka shigar, kowa da tasa lambar.

Babban ɓarawon dai mai ne. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori kusan 120 ne, ya fi dafaffen ƙwai guda. Ludayin miyarmu cokali biyar yake ci, wato kusan 600 a zubi ɗaya, kuma wace uwargida ce take ƙirga ludayin mai idan za ta soya kayan miya? Zubawa ake yi har sai ya taso a kai, don miyar da mai bai taso mata ba a wajenmu miyar rowa ce. Garau-garau kuwa, wake da shinkafar ba su ne matsala ba, man da ake kwararawa a kai ne. Na taɓa auna mai kafin suyar ƙosai da bayanta: giram 200 ne suka ɓace a cikin ƙosai 40, kowane guda ya sha giram biyar, kalori 45 ke nan na mai kaɗai kafin a zo kan waken. Wata rana kuma, idan man bai yi zafi ba ko ƙullin ya yi ruwa, abin da zai sha daban ne. Wannan ya sa muka koma alale. Wake ɗaya ne, amma a alale ni ke zuba man da cokali, na san iyakarsa.

To idan lambar ba ta da tabbas haka, me ya sa ban watsar da ita ba? Saboda na ga abin da take yi wa mutane a makonni biyun farko. Akwai wata Hajiya, ta girme ni sosai, da ta zo tana cewa, "'Yar nan, wallahi ni ba na cin komai, tuwon dare ma na bari, amma ko ruwa na sha sai ya zama teɓa." Na ce, "Mama, ki yi min alfarma ɗaya. Kwana bakwai, duk abin da ya wuce maƙogwaronki jikarki ta rubuta a littafi, har abin sha." Da littafin ya dawo muka zauna tare. Shayi da madara da sukari cokali uku safe da yamma. Fura da nono da rana, ita ma da sukari. Lemon kwalba idan an yi baƙi, kuma gidanta ba ya rabuwa da baƙi. Lemo mai rabin lita yakan ɗauki sukari kusan giram 50, kimanin kalori 200. Dabino tana lazimi, ragowar taliyar jikoki don kada a yi almubazzaranci, cincin da dubulan na gidan suna. Gaskiya ta faɗa, tuwon ta bari, amma abin da take sha kaɗai ya fi tuwon da ta bari. Ta daɗe tana kallon littafin, sannan ta ce, "Ashe ruwan ne ba ruwa ba."

Ba ƙarya take yi ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. A 1992 an buga wani bincike da aka yi a birnin New York kan wasu mutane da ke cewa ba sa kai kalori 1,200 a rana amma ƙiba ta ƙi tafiya. Da aka auna su da kyau, sai aka ga abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari, motsa jikin da suke faɗa kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Mantuwa ce irin ta ɗan Adam. A wajenmu ma abin ya fi wuya, tunda a tire ɗaya ake haɗuwa, ga ɗanɗanon gishiri a bakin tukunya, ga loma biyu a kwanon maigida. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima. Ni abin da na gani shi ne sai ido ya yi zama da mudu na ɗan lokaci kafin ya san kimar.

Inda nake yawan samun saɓani da kwastomomi shi ne alƙawari. Wani Alhaji ya zo min da lissafinsa a takarda: kilo ɗaya na kitse kalori 7,700 ne, zai rage 500 kullum, don haka kowane wata kilo biyu, shekara kilo 24. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, daga wani likita Max Wishnofsky ta samo asali a 1958, kuma masu bincike irin su Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta Amurka sun nuna tana zuzuta sakamako idan tafiya ta yi nisa. Jikin da ya ragu abin da yake ƙonawa ma raguwa yake yi, ga yunwa tana ƙaruwa, mutum ya riƙa ƙara loma bai sani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, watannin farko za ka ga sauka, daga nan za ta yi ta jan ƙafa. Ranar da ta tsaya kada ka ce abincina ne ya canza." Agogon hannunsa mai ƙirga taku ma na roƙe shi ya daina cin abin da agogon ya ce ya ƙone. A 2017 jami'ar Stanford ta gwada irin waɗannan agogo guda bakwai: bugun zuciya suna kama shi da kyau, amma a lissafin kalori wanda ya fi su daidai ya kauce da kashi 27, na ƙarshensu da kashi 93.

Akwai waɗanda ba na karɓar kuɗinsu. Mai ciki da mai shayarwa ba na yi musu abincin ragewa. Mai allurar insulin ta ciwon suga sai ya zo da bayanin likitansa, domin rage tuwo ba tare da gyara magani ba yana iya kayar da mutum. Amaren da ke son zubar da kilo goma saura mako uku biki, haƙuri nake ba su. Wadda ta fi tsaya min a rai wata budurwa ce 'yar jami'a, ba ta da wata ƙiba, da ta fara turo min saƙo tsakar dare tana tambayar kalorin yankan kokwamba, tana raba robar rana gida biyu ta kai ta har dare. Na dakatar da odarta, na kira yayarta da ta haɗa mu na ce a kai ta ta ga likita. Tun daga kanta, duk wadda na ga lambar ta fara hana ta barci nakan cire mata takardar daga murfi, in ce ta ci abincin kawai.

Abin mamaki, a lambar wayar nan da ake nemana don ragewa, a nan wasu ke tambaya ko ina da haɗin ƙara ƙiba, don dangin miji sun ce ta rame, ba a kula da ita. Matan garin nan suna tsakanin wuta biyu, kuma ina tausaya musu ƙwarai.

Bayan shekarun nan na gane abin da nake sayarwa ba lamba ba ce, daidaito ne. Ko da 500 ɗin da na rubuta a gaskiya 560 ce, gobe ma 560 ɗin ce, jibi ma haka, tunda gari a aune yake, mai da cokali ɗaya ake zuba shi, malmala da kofi ɗaya ake kwashe ta. Da wannan ake iya gyara. Kwastoma ta hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ta karya, ba kullum ba, don gishiri da al'ada suna riƙe ruwa su ɗaga nauyi a kwana ɗaya. Idan mako uku ba motsi, sai mu rage tuwon kaɗan mu ƙara ganye da wake, waɗanda ke riƙe ciki. Jikinta ne ke ba mu amsar da takarda ta kasa bayarwa.

Maman nan mai littafi wata biyar ta yi tana karɓar abincinmu. Shayin ya koma sau ɗaya da sukari cokali ɗaya, lemo ya koma zoɓo marar zaƙi, gwiwar da ke hana ta tsayuwar tarawihi ta yi sauƙi. Rannan ta aiko jikarta da saƙo cewa ta gode, za ta ci gaba da girkinta a gida, amma tana son in sayar mata da kofin da muke kwashe tuwo da cokalin awon mai. Na naɗe mata su a leda, na haɗa da ƙullin garin kuka, na ce yaron ya kai mata idan ya fita rabon rana.