Zaki Marar Geza da Gizon da Muka Zana a Katsina

Sana'ata buga zane ce a jikin kaya. Ina da ɗan shago a Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, inda ni da yara huɗu muke buga riguna da kofuna da hulunan hana-sallah da rigunan waya, kuma mafi yawan cinikinmu yana zuwa ne daga masu bikin aure, da makarantun da za su yaye ɗalibai, da iyayen da 'ya'yansu suka sauke Alƙur'ani, sai kuma 'yan siyasa idan kakarsu ta kama. Aikin ba shi da wani asiri mai yawa. Ana fitar da zanen daga kwamfuta a kan takarda ta musamman da tawada ta musamman, a ɗaure takardar a jikin kofi, a saka shi cikin injin da zafinsa ke kaiwa digiri 180 zuwa 200, bayan kamar minti uku tawadar ta zama tururi ta shige cikin fatar kofin, ta yadda ko an shekara ana wankewa ba za ta goge ba. Tawadar da na fi amincewa da ita daga Koriya ta Kudu take zuwa, kuma ita ce silar tafiyar da zan ba da labarinta.

A watan Nuwamba na 2019 na bi jirgin Habasha daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can zuwa filin jirgin Incheon, domin halartar wani baje kolin injinan buga alluna da kayan talla a cibiyar COEX da ke birnin Seoul, da niyyar in samu dillalin da zai riƙa turo mini tawada kai tsaye. Wanda ya yi mini jagora ɗan wani aminina ne da ke karatun injiniya a can. Ranar Juma'a muka yi sallah a babban masallacin Seoul da ke unguwar Itaewon, wanda aka buɗe tun 1976, muka ci abinci a ɗaya daga cikin gidajen abincin halal da ke gangaren masallacin, sai yaron ya ce mini: "Kawu, tun da sana'arka buga zane ce, akwai wani shago da bai kamata ka koma gida ba ka gani ba." Na tambaye shi ko injina ake sayarwa a wurin, ya ce a'a, 'yartsana ce da kayan waya. Na ce masa ai ni ban ƙetaro rabin duniya don in kalli 'yartsana ba. Ya yi dariya, ya ce in dai daure in bi shi, in ban ga abin amfani ba shi zai biya kuɗin jirgin ƙasa.

Shagon na Kakao Friends ne, kusa da tashar Gangnam, bene mai hawa uku wanda aka buɗe a 2016. Kafin mu isa yaron ya warware mini tushen abin. A Koriya kusan duk mai waya da manhajar KakaoTalk yake aika saƙo, kamar yadda mu muke amfani da WhatsApp, kuma an fito da ita ne a 2010. A 2012 kamfanin ya sa aka zana wasu 'yan halittu da mutane za su riƙa turawa juna a cikin hira maimakon rubuta dariya ko fushi ko ban haƙuri. Akwai Apeach, wanda ɗan itace ne mai ruwan hoda, akwai Muzi mai sanye da rigar zomo, da ɗan ƙaramin kada mai suna Con da ke biye da shi. A farkon 2016 aka ƙaro Ryan, wanda duk wanda ya gan shi zai rantse beyar ne, alhali zaki ne da aka halitta ba shi da geza, fuskarsa kuma ba ta dariya ba ta kuka. A lokacin shi ne ya fi kowa farin jini, har Koriyawa suna yi masa laƙabi da babban darakta saboda kuɗin da yake jawo wa kamfanin.

Da muka shiga, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne layi. Wani ƙaton Ryan ne a tsaye, ya fi ni tsawo, mutane kuma sun jeru suna jiran a zo kansu su ɗauki hoto da shi, ba a karɓar ko sisi. Na ji harsuna iri-iri a layin, har da wasu mata masu lulluɓi da yaron ya ce daga Malesiya ko Indunusiya suke, kowa da jakar tafiya, alamar cewa an sa shagon cikin jerin wuraren da za a ziyarta kamar yadda baƙo a Daura ba ya tafiya sai ya leƙa rijiyar Kusugu. Sama kuma akwai wurin shan shayi, inda hatta kofi da kek ɗin da ake kawowa fuskar zakin ce a kansu.

Ni dai ido irin na mai sana'a na shiga da shi, don haka na wuce 'yartsanar na nufi kayan waya. Na ɗauki wata rigar waya na juya ta, na murza gefenta da farce, na ɗaga ta wajen fitila. Roba ce mai kyau, bugun ya fita tsaf, babu inda launi ya zarce iyakarsa, amma a gaskiya ba ta fi ƙarfin injina ba idan na samu roba irinta. Kuɗinta won 25,000, wanda a canjin wancan lokaci ya kusa naira dubu takwas, ni kuwa a Katsina idan na ce dubu ɗaya sai an yi ta ja-in-ja da ni. Na duba cajar waya, da batirin ajiye wuta, da linzamin kwamfuta, da 'yar fankar hannu, duk kayan da na sani ne, galibinsu ma ƙirar Sin, bambancin kawai fuskar da ke jiki. Wata budurwa a gefena ta ɗauki kofi ta rungume a ƙirji tana yi wa ƙawarta magana da murya irin ta wanda ya haɗu da ɗan'uwansa a tasha. A nan na gane cewa kafin ta shigo shagon an riga an gama cinikin, domin ta yi shekaru tana tura wannan fuskar ga mahaifiyarta da ƙawayenta sau da yawa a yini, yaron ma ya ce mini tana jikin katin bankin mutane da yawa tun da kamfanin ya buɗe bankinsa a 2017. Na sayi rigar wayar da maratayin makulli biyu, na nuna fasfo aka rage mini harajin kaya kamar yadda ake yi wa baƙi, muka fito.

Dillalin tawada na same shi, kuma har yau muna hulɗa, amma abin da na yi ta juyawa a raina cikin jirgi shi ne zakin. Hanya mafi sauƙi ita ce in kwafi fuskarsa in buga, kamar yadda kasuwanninmu suka cika da hotunan zane-zanen ƙasashen waje da ba wanda ya nemi izinin masu su. Ban yi haka ba saboda dalili biyu: haƙƙin wani ne, sannan ko na buga babu wanda ya san shi a Katsina, zai zama beyar ne kawai mai ɗaure fuska. Sai na tambayi kaina wace halitta ce Bahaushe ya riga ya sani tun yana kan cinyar kakarsa, amsar kuwa tana bakin kowa, domin mu da kanmu muka sa wa intanet suna yanar gizo. Gizo na Ƙoƙi, mai wayo, mai tsamin baki, wanda dabararsa take yawan komawa kansa, ba mallakin wani kamfani ba ne, kuma ba ya bukatar a gabatar da shi.

Na samu wani yaro mai zane da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha, muka yi wata biyu muna gyara. Na farko da ya kawo ya yi kama da gizo-gizon gaske, mai ƙafafu masu gashi, yarana mata suka ce ko kyauta ba za su sa shi a waya ba. Muka rage ƙafafun, muka ƙara girman ido, muka ɗora masa 'yar hula ƙube a karkace, muka ba shi waya a hannu ɗaya da caja a wani. Kafin in fitar da shi na kai wa wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa, domin na san maganar surar abu mai rai ba ƙarama ba ce a garinmu. Ya duba ya ce: "Alhaji, malamai sun yi saɓani a kan zanen da ke shafe a jikin takarda ko tufa, amma ka nisanci mai jiki wanda ake girkewa." Da wannan na yanke cewa ƙaton mutum-mutumi irin na Gangnam ba zai tsaya a ƙofar shagona ba, kuma ban taɓa yin nadamar hakan ba.

Kuskuren da na yi nawa ne ni kaɗai. Zumuɗi ya sa na buga rigunan waya 300 a tashi ɗaya, na wayoyin Tecno da Infinix da Itel da ake yayi a lokacin, na jera su a gilashi ina jiran layi. Wanda ya shigo sai ya ɗauka ya yi murmushi, ya tambaya ko akwai mai hoton ƙungiyar ƙwallonsa, ya ajiye. Ana cikin haka cutar korona ta zo a 2020, aka rufe makarantu, aka taƙaita taron biki, kafin kasuwa ta farfaɗo kamfanonin sun fito da sababbin wayoyi masu ramin kyamara a wani wurin daban, rigar da ba ta shiga waya kuwa ba ta da wani amfani. Fiye da rabi a kwali suka ƙare. Na ga abu da idona a Seoul amma na karanta shi a baibai, domin su sai da suka bar mutane suka saba da fuskar a cikin hira kafin su gina bene, ni kuwa na fara da kaya.

Zaman gida na kullen ne ya ba mu damar gyarawa. WhatsApp ya riga ya kawo sitika tun ƙarshen 2018, don haka muka zana Gizo a yanayi ashirin da huɗu, kowanne da 'yar magana a ƙasa, muka saki kyauta a zaurukan 'yan'uwa da na ɗalibai. Akwai wanda ya ɗaga waya sama yana neman sabis, akwai wanda ya dafe kai an rubuta "data ta ƙare", akwai na barka da Juma'a da na sannu da aiki. Wanda ya fi tafiya shi ne Gizo a bakin rijiya riƙe da guga, an rubuta "sai Juma'a", wato ishara ga macijin Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a kafin zuwan Bayajidda. Mu mun zana shi ne don tsokanar sabis marar ƙarfi, amma masu cin bashi suka karɓe shi suka mayar da shi amsar da suke ba masu binsu. Ranar da wani dillalin takarda daga Kano, wanda bai san ni na yi ba, ya turo mini shi da na tambaye shi saƙona, na tara yaran shago na nuna musu.

Daga nan ne aka fara shigowa ana tambayar kayan Gizo da sunansa. Yanzu ba na buga rigar waya sai an kawo wayar na ga samfurinta, abin da nake ajiyewa da yawa shi ne wanda ba ya tsufa, wato kofi da maratayin makulli da riga da sitikar mannawa a bayan kwamfuta ko Keke Napep. Kofin da ba shi da zane na musamman da mai Gizo tawada ɗaya suke ci, wuta ɗaya, minti uku ɗaya, amma mai Gizo ina ɗora masa kusan rabin kuɗi a sama kuma ba a cika neman ragi ba. An kwafe shi, ba shakka. Na taɓa ganinsa a jikin wasu riguna a kasuwa, an miƙe shi har hular ta zama kamar tulu, raina ya ɓaci na kwana biyu, daga baya na sa muka riƙa buga sunan shago ƙanana a ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu.

Bangon shagon na waje mun zana shi babba da fenti, yana jingine da ƙofar gari, muka ajiye benci a gabansa. Ba na hana kowa ɗaukar hoto, ko ya saya ko bai saya ba. Masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga kudu su ne suka fi zuwa idan sun kusa tafiya, suna neman tsarabar da za ta nuna sun zauna a Katsina, sai kuma baƙin da ke zuwa kallon hawan Sallah. Da yawa suna roƙon in buga musu Gizo a saman hasumiyar Gobarau, nakan ba su haƙuri in ce hasumiyar masallaci ce, ba wurin wasa ba, sai in buga musu ita ita kaɗai a gefe ɗaya na kofin, shi kuma a ɗaya gefen. Yaron da ya zana shi yanzu yana da kaso a duk abin da aka sayar mai hotonsa, kuma tun watan jiya yake fama da Ƙoƙi, wadda har yanzu yarana mata ba su amince da ɗaurin ɗankwalinta ba.