Inda Aka Kwana a Aikin Tattara Tsofaffin Hotunan Ƙaura Namoda

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki, ga inda na tsaya a tattara tsofaffin hotunan garinmu, Ƙaura Namoda. Ɗaukar kwafi ya fara zauna mini a hannu, amma abin da ya fi cin lokacina yanzu shi ne neman wanda zai gaya mini su wane ne a cikin hoton. Takarda idan ta sami wuri busasshe za ta iya ƙara shekara hamsin. Dattijon da ya san fuskokin ba shi da wannan lokacin. Saboda haka na sauya tsarin aikina: zama da tsofaffi ya koma gaba, gyara da jera hotuna a kwamfuta ya koma baya.

Bari in fara da na hannu. Ba na ɗauke hoto daga gidan mai shi sai dole. Mutane suna tsoron bayarwa, kuma suna da gaskiya, don da yawa sun ba da aro ba a dawo musu da shi ba. Ina zuwa da waya da farin kwali, in shimfiɗa hoton a inuwar zaure inda haske yake shigowa ta ƙofa, in kashe filashi, in riƙe wayar daidai saman hoton don kada ya karkace. Gaba da baya nake ɗauka. Waɗanda aka yarda in fita da su ina kai su sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, a kan 600 dpi, wato ɗigo ɗari shida a kowane inci, in adana a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, sannan in fitar da ƙaramin kwafi don rabawa. Idan za ku tura wa juna ta WhatsApp, ku tura a matsayin fayil, domin in ba haka ba yana matse hoton, ƙananan rubuce-rubucen da ke jikin allo su ɓace.

Ɓarnar da na fi gani iri uku ce: gara, danshin damina da ke manne hoto da gilashin firam, da kuma leda da ake liƙawa da zafi a shagunan kwafi. Ta ukun ta fi ba ni takaici, don da kyakkyawar niyya ake yin ta, kuma ba ta ɓaruwa sai da fuskar hoton. Wanda ya manne da gilashi kada ku ja shi, ku ɗauki kwafinsa ta cikin gilashin kawai. Abin lura kuma, hotunan baƙi-da-fari na shekarun 1960 sun fi masu launi na shekarun 1980 lafiya, waɗanda yawancinsu sun koma ja-ja ko ɗorawa-ɗorawa.

Sai batun gano shekara, wanda shi ne ya fi yi mini daɗi. Hotunan gidajenmu ba kasafai ake rubuta kwanan wata a bayansu ba, to sai dai abin da ke cikin hoton ya yi magana. Garinmu ya yi sa'a a nan, domin sunan hukumar da ke kanmu ya sauya sau da yawa. Allon makaranta ko na ofis da ke ɗauke da sunan Jihar Arewa maso Yamma yana tsakanin 1967 da 1976. Na Jihar Sakkwato daga 1976 ne zuwa 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Zamfara. Idan ka ga alamar En'e, wato tsohuwar hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, to kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ne. Farashi a jikin kanti da fam da sule ya nuna kafin Janairun 1973, da naira ta shigo. Mota tana bin hannun hagu kuwa, kafin Afrilun 1972 ne. A nan ku yi hattara da abu biyu: ku dubi gefen da motar take tafiya, kada ku dogara da gefen sitiyari, don tsofaffin motoci sun ci gaba da aiki bayan canjin, kuma idan daga fim kuka ciro hoton, ku tabbata bai juye ba, ku duba ko rubutun da ke ciki yana karantuwa daidai.

Hotunan tasha su ne zuciyar abin da na tara. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, ta layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, kuma nan ne ƙarshen layin. Wannan ya sa gyaɗa da auduga da fatu na ƙasashen da ke kewaye suke taruwa a nan kafin a loda su zuwa kudu. Akwai wani hoto da aka ba ni na 'yan dako tsaye gaban buhunan gyaɗa da aka jera sun fi tsayin mutum. Mai hoton ya ɗauka ne don buhunan, amma ni mutanen nake kallo. Wani dattijo da ya yi aikin awo ya gane mutum huɗu a ciki, har da unguwar kowannensu, ya kuma ce bayan farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 bai sake ganin tari irin wannan ba. Da ban kai masa hoton ba, da abin da zan rubuta a ƙarƙashinsa bai wuce "'yan dako a tasha" ba.

Yadda nake zaman shi ne, in buga hoton babba a takarda, don idon tsoho ba ya jin daɗin allon waya. In nemi izini in kunna rikoda, in ce, "Baba, wa ka gane a nan?" sai in yi shiru. Ba na faɗin sunan da wani ya riga ya ba ni, don kada ya amsa da "haka ne" saboda kara. Idan mutum biyu da ba su zauna tare ba suka ba da suna ɗaya, sai in rubuta a matsayin tabbatacce. Idan suka saɓa, in rubuta duka biyun da wanda ya faɗi kowanne. Rubutu a bayan hoto da fensir mai laushi ake yi, biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana ratsowa.

Tsofaffin mata sun fi maza riƙe dangantaka, wannan na gani ƙarara. Namiji zai ce maka wane ne, ɗan kasuwa ne. Gwaggo kuwa za ta gaya maka 'yar wa ya aura, daga wane ƙauye uwarsa ta fito, da shekarar da aka yi bikin, ko ta ce shekarar da aka yi ƙyanda ce ko ta yunwa. Ƙanwata ce take shiga cikin gida ta yi mini wannan zaman. Hotunan matan aure da na amare ba na nuna su a waje sai masu gidan sun ce to, kuma wanda ya ce ba ya son hoton mahaifinsa ya fita, saboda fahimtarsa ta addini ko wani dalili nasa, ina mayar masa ba tare da musu ba.

Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi su gyara fuska, ban yarda da su a wannan aiki ba. Launin da suke sakawa ƙirƙira ne, kuma suna sauya kamannin mutum, har tsagar gado ta kan goge. A ƙasarmu tsaga shaida ce ta asali, da ita dattijo yake cewa wannan Bagobiri ne, wancan Bazamfare. Wanda yake son mai launi ya yi don kansa, amma na asali ya zauna yadda yake.

Abin da ke gabana shi ne hatiman da ke bayan hotuna. Da dama suna ɗauke da sunan shagon mai hoto, kuma sunayen da na gani yawanci na Yarbawa ne. Ina neman iyalan masu shagunan ko Allah zai sa an ajiye fina-finan da aka wanke hotunan daga jikinsu a wani akwati. Ina kuma shirin zuwa Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, in duba takardun Lardin Sakkwato kan tasha da kasuwa. Wanda a cikinku ya taɓa raba hoton da ya manne da ɗan'uwansa ba tare da ya yage ba, ya gaya mini yadda ya yi, don ina da guda shida haka a cikin ambulan, ban taɓa su ba tukuna.