Ramin da ke tsakiyar faranti

Laraba da daddare

Sakamakon gwajin wata bakteriyar teku da na yi mako biyu ina jira ya shigo yau da hantsi, ina tsaka da wanke kwalabe. Ko hannu ban gama tsanewa ba na zauna gaban kwamfuta.

Maganar ta samo asali ne daga wata jar ciyawar teku da na ɗauraye da tafasasshen ruwan teku, na kankare bayanta, na shafa a kan farantan Marine Agar 2216, abincin rainon bakteriyar teku da ya samo tushe daga aikin masanin kimiyya Claude ZoBell na 1941. Ɗigo-ɗigon bakteriya da yawa sun tsiro, amma guda ɗaya, ruwan ɗorawa, shi ya tsaya mini a rai, domin ya lotsa ya yi wa kansa rami. Agar daga jar ciyawar teku ake tatso shi, kuma yawancin bakteriya zama kawai suke yi a kansa, ba sa iya cin sa. Wannan kuwa ta gane abincin gidansu, ta hau cin farantin da kansa. Sau uku ina sake shuka ta kafin na yarda ita kaɗai ce, babu gauraye.

Na kwatanta jerin 16S nata, wato wani yanki na kundin gadonta (DNA) da ake gane bakteriya da shi, harufa wajen 1,500, da na ire-iren da aka riga aka yi wa suna. Kamanninta da mafi kusa da ita bai kai kashi 98.7 cikin ɗari ba, wato iyakar da ake fara zargin sabon jinsi. Gabana ya faɗi, don murna.

Na ruga ofishin Malam. Ya duba allon ya daɗe, sannan ya ce, "Madalla. Amma kada ki raɗa mata suna tukuna." Gaskiyarsa. Sai an karanta ɗaukacin kundin gadonta, an ga kamanninta da 'yan uwanta ya gaza kashi 95 zuwa 96. Sai an auna gishirin da take jurewa, da zafi, da irin kitsen da ke fatarta. Sannan a ajiye ta da ranta a rumbuna biyu a ƙasashe biyu, kamar DSMZ ta Jamus da KCTC ta Koriya ta Kudu, kafin mujallar IJSEM, mai tabbatar da sunayen sababbin bakteriya, ta amince da sunan. Makamanciyar wannan hanya bakteriyar Zobellia galactanivorans ta bi, wadda aka samo jikin jar ciyawa a Roscoff ta Faransa, aka bayyana ta a 2001.

Yana yi mini ciwo idan aka kira bakteriya duka "ƙwayoyin cuta". Wace cuta? Koriyar ciyawar nan Ulva, idan aka raine ta babu bakteriya, ba ta yin ganye, sai dai ta dunƙule ta zama curi marar fasali. Da su take samun siffarta.

Da yamma na zuba ruwan aidin a wani faranti na daban da na shuka ta a kai. Ko'ina ya yi duhu, sai kewayen ɗigon ya fito da haske kamar zobe, daidai inda ta cinye. Na ɗauki hoto har biyar.

Kafin na tashi na zuba ta a ƙananan kwalabe shida da gilisarol mai kare ta daga illar ƙanƙara, na rubuta lambarta da hannuna, na saka a firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Gobe da sassafe zan fara tatso DNA ɗinta don a karanta ɗaukacinsa.