Yadda na fitar da lissafin miƙaƙƙen layi daga ɗigo biyu

Ɗigo biyu kaɗai aka ba ni, (1, 3) da (4, 9), inda lambar farko ita ce x, ta biyu kuma y, aka ce in samo lissafin layin da ya ratsa su. Tun da yake miƙaƙƙen layi ɗaya tak ne zai iya bi ta kan ɗigo biyu mabambanta, bayanin ya wadatar, abin da ya rage mini shi ne in gano ƙimar m da c a cikin y = mx + c.

Na fara da m, wato gangaren layin, domin shi ne ke nuna yadda y ke hawa ko sauka duk lokacin da x ya matsa gaba da taki ɗaya. Daga 3 zuwa 9 y ya ƙaru da 6, daga 1 zuwa 4 kuma x ya ƙaru da 3, saboda haka na raba 6 gida 3 na sami 2. A nan ne aikin ya fi bukatar natsuwa, domin idan mutum ya fara ɗebewa daga ɗigo na biyu wajen lissafin canjin y, dole ne ya fara daga shi wajen lissafin canjin x ma, in ba haka ba zai sami −2, ya mayar da layi mai hawa ya zama mai sauka.

Samun c bai ɗauki lokaci ba. Na saka ɗigo na farko, 3 = 2(1) + c, sai c ya zama 1, wato inda layin ya yanke ginshiƙin y, tsayayyen layin da x ke zama sifiri a kansa. Amsar ita ce y = 2x + 1, na kuma gwada ta da ɗigo na biyu, 4 sau 2 a ƙara 1 ya ba ni 9 cif. A ganina wannan gwaji wajibi ne, ko da yake ɗalibai da yawa kan tsallake shi.

Rene Descartes na Faransa ne ya shimfiɗa wannan hanya ta haɗa zane da aljabara a 1637, amma siffar y = mx + c ba ta ɗauke kowane layi ba. Da na gwada (2, 1) da (2, 7), x bai motsa ba, rabawa da sifiri kuma ba ta yiwuwa. Layin a tsaye yake ƙyam, ba shi da gangaren da za a iya lissafawa, lissafinsa kuwa x = 2 ne kawai.