Dokin da ya ƙi gudu a kan kyalle

Zanen farko da na yi na doki yana sukuwa ya ci mini kusan mako uku, amma da na ja baya na ƙare masa kallo sai na ga dabba ce kyakkyawa da aka rataye a iska, ƙafafun gaba sun miƙe gaba, na baya sun miƙe baya, tamkar dokin katako na wasan yara. Na daɗe ina ɗora laifin a kan launi da buroshi kafin na gane cewa matsalar tana cikin abin da nake zaton na sani. Ba ni kaɗai na faɗa wannan rami ba, domin ko Théodore Géricault, mai zanen nan na Faransa da ya san doki ciki da waje, haka ya zana dawakan tseren Epsom a 1821. Sai a 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gefen filin gudu a Palo Alto da ke Kalifoniya, hotunansa suka tabbatar da cewa akwai lokacin da kofatai huɗu ke barin ƙasa, kuma a wannan lokacin ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin ciki.

Na ajiye fenti na koma ga gawayi da takarda, ina zana ƙafafu kawai, har hannuna ya saba da cewa sassarfa bugu biyu ce, ƙafar gaba ta dama tana sauka tare da ta baya ta hagu, sukuwa kuwa bugu huɗu ce da ke farawa daga ƙafafun baya. Duk da haka, da na kwafi hoton Muybridge daidai da daidai, dokin ya sake daskarewa, domin ido ba ya taɓa ganin kofato sarai idan doki na gudu. A nan fentin mai ya yi mini rana, saboda jinkirin bushewarsa. Na kammala kai da ido da kafaɗa da kyau, sannan na ɗauki busasshen buroshi mai faɗi na ja shi sau ɗaya a kan ɗanyen fentin ƙafafu da geza da jela, na bar ƙura ta cinye rabin kofatan baya. Dokin akawal ne, amma ban taɓa baƙin fenti ba. Shuɗi mai duhu na haɗa da ruwan ƙasa, don gumin da ke kuturinsa ya sami wurin sheƙi. Shafin farko na yi shi tsararo, na riƙa ƙara mai a kowane shafi na sama, domin idan aka juya wannan tsari fentin yakan tsattsage bayan ya bushe.

Ɗaukar hoton zanen ya fi ba ni haushi. Na kunna filasha, kowane tudun fenti ya mayar da haske, baƙin dokina ya koma toka-toka cike da fararen ɗigo. Na kashe filashar da fitilar ɗaki, na kafa fitilu biyu iri ɗaya a dama da hagu, kowace tana haska zanen a karkace da digiri 45, na ɗora kyamara a kan marikinta mai ƙafa uku tana fuskantar tsakiyar kyallen sosai don kada kusurwoyi su karkace, na kuma sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu saboda rawar hannu. Na jingina kati mai launin toka a gefe don daidaita launi a kwamfuta. Na ɗauki hoton ne kafin shafa banish, wato man ƙyalli da ake rufe zane da shi don kariya, wanda dama sai zane ya yi aƙalla wata shida ake shafa masa.

Hasken ya daidaita har ya yi yawa, zanen ya fito a shafe kamar bugun inji. Sai na ja fitilar hagu baya da taku ɗaya, ƙananan inuwoyi suka dawo cikin sawun buroshin da ke geza, wannan hoton na ajiye.